Yawan Kitse A Cikin Jini

Akwai wani irin kitse a jini da likitoci ke kira kolestirol. Jiki na bukatarsa, amma in ya yi yawa yakan toshe hanyoyin jini, ya jawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2008, mutum 39 cikin 100 masu shekara 25 zuwa sama suna da shi fiye da kima.

Abubuwan da ke haddasa shi su ne yawan cin kitse da man shanu da soye-soye, da ƙiba, da rashin motsa jiki, da tsufa, da gado. Ba ya nuna alama, siriri ma bai tsira ba. Saboda haka, ɗalibai, ku tuna wa iyayenku su je asibiti a gwada jininsu.