DARASI: CIKI DA ZUCIYA, KOWANNE YANA TAƁA ƊAN'UWANSA

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sau da yawa mukan ga maigida ya dawo yana faɗa ba dalili, ko uwa ta rasa haƙuri da 'ya'yanta, sai mu ce halinsu ne ya ɓaci. Wani lokaci kuwa ba hali ba ne, ciki ne. Darasinmu na wannan wata zai nuna mana cewa abin da muke ci yana juya zuciyarmu, halin da zuciya take ciki kuma yana juya abin da muke ci.

1. Yadda abinci yake taɓa zuciya

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake amfani da shi. Saboda haka idan abinci ya yi ƙaranci, tunani da haƙuri suna cikin abin da ke fara raunana.

A 1944 zuwa 1945 wani masani mai suna Ancel Keys ya jarraba wannan a Jami'ar Minesota ta Amurka. Samari 36 masu ƙoshin lafiya suka yarda aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har wata shida. Jikinsu ya rame, amma ba nan abin ya tsaya ba. Sun zama masu saurin fushi da baƙin ciki, sun guji jama'a, ba su da zance sai na abinci.

Ba yawan abinci kaɗai ba, irinsa ma yana da tasiri. Wanda jininsa ya yi ƙaranci domin rashin sinadarin ƙarfe yakan yi fama da kasala da gajiya, mata masu ciki da masu goyo kuwa suna cikin waɗanda suka fi shiga wannan hali. Goro da shayi da kofi, idan an sha su da dare, suna hana barci, marar barci kuma yakan tashi da ƙunci. Giya da burkutu sukan sa mutum ya manta damuwarsa na ɗan lokaci, sa'an nan su bar shi cikin wadda ta fi ta.

A 2017 masu bincike a Ostireliya suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 67 masu ciwon damuwa. Cikin waɗanda aka koya wa gyara abincinsu na mako 12, kusan kashi ɗaya cikin uku sun sami sauƙi sosai, cikin sauran kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Gwajin ƙarami ne, yawancinsu kuma suna karɓar magani ko shawarar likita. Abinci mataimakin magani ne, ba magajinsa ba.

2. Yadda zuciya take taɓa abinci

Sa'ad da damuwa ta daɗe, jiki yakan ƙara fitar da sinadarin da ake kira kotizol, wanda yake sa wasu kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Wasu kuwa cikinsu ne yake rufewa sam. Littafi Mai Tsarki ya san wannan. Sarki Ahab ya kwanta ya ƙi cin abinci domin Nabot ya hana shi gonar inabi. Hannatu ta kasa ci saboda baƙin cikin rashin haihuwa. Isuwa kuma, da yunwa ta rufe masa ido, ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon abinci.

Haɗarin shi ne abin yakan zama zobe. Mai baƙin ciki ya ƙi ci, jikinsa ya raunana, raunin ya ƙara masa baƙin ciki.

3. Misalin Annabi Iliya

A littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19, Iliya ya gudu daga Yezebel zuwa jeji, ya zauna gindin itace, ya roƙi mutuwa. Mu lura da abin da Ubangiji ya fara yi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa har sau biyu. Sai bayan ya ci ya yi ƙarfi, ya kai Dutsen Horeb, sa'an nan Allah ya nuna masa aikin da ke gabansa. Wanda zai ta'azantar da mai makoki ya koyi wannan tsari.

4. Abin da za mu yi

Na ɗaya, kada yaro ya tafi makaranta, ko manomi gona, da ciki wayam, ko da koko da ƙosai ne.

Na biyu, a haɗa tuwo da abin da ke gina jiki. Wake, gyaɗa, zogale, kuka, rama, daddawa, nono da busasshen kifi duk suna kusa da mu.

Na uku, a sa ido kan gwauraye da tsofaffi da masu jego. Idan 'yan Zumuntar Mata sun kai musu abinci, su zauna su ci tare, gama mai kaɗaici ba ya jin daɗin tuwo.

Na huɗu, azumin Larabar Toka da na Juma'a Mai Kyau ya wajaba a kan masu shekara 18 zuwa 59, an kuma ɗauke wa marasa lafiya. Azumi horon zuciya ne domin Allah. Ƙin ci saboda fushi ko baƙin ciki ba azumi ba ne.

Na biyar, duk wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ci ba barci, ko yana maganar mutuwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, a kuma ci gaba da yi masa addu'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Ubangiji ya ciyar da Iliya kafin ya ba shi aiki?
2. Wane ne a unguwarmu yake cin abinci shi kaɗai, me za mu yi masa a makon nan?

Allah ya ba mu abincin yini, da zuciyar raba shi da wasu. Amin.