Amsar Tambaya: Digiri na Biyu a Fannin Lafiyar Al'umma ta Intanet

Tambaya: Ni ma'aikacin lafiya ne a Jega, ina da digirin farko, kuma ina son na biyu ta intanet ba tare da barin aikina ba. Wanne ne aljihuna zai ɗauka?

Amsa: Ya ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan himma. Kafin ka tambayi tsada ko araha, wajibi ne ka binciki ingancin shahadar, domin tun da gwamnatin tarayya ta dakatar da amincewa da digirorin ƙasashen Benin da Togo a farkon 2024, ya bayyana ga kowane mai hankali cewa takardar da hukuma ba ta karɓa ba hasara ce tsantsa, komai sauƙin kuɗinta.

A ra'ayina, ka fara duba Cibiyar Karatu daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sa'an nan Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya (NOUN), saboda dukansu suna ƙarƙashin Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, kuma da naira ake biyansu. Makarantar kiwon lafiya ta Landan tana da daraja ƙwarai, amma da fam ake biya, alhali darajar naira ta faɗi warwas tun 2023, har ma'aikacin da ya soma da ƙarfinsa kan tsaya a tsakiyar hanya.

Sa'an nan ka lissafa abin da takardar talla ba ta faɗa: kuɗin data kowane wata, cajin kwamfuta a shago ranar da babu wuta, da kuɗin mota zuwa wurin jarrabawa. Ka nemi jimillar kuɗin karatun a rubuce, ka kuma sami izinin shugaban ma'aikatarka kafin ka biya ko sisi.