Yauƙi, Laushi da Tauri: Yadda Za A Ci Ganye da 'Ya'yan Itatuwa Ba Tare da Ƙyama Ba

Sau da yawa akan sami yaro, ko ma babba, yana ƙin miyar kuɓewa ko nunanniyar gwanda, a ɗauka tsirfa ce kawai. Alhali kuwa abin da ke damunsa shi ne yadda abincin yake a baki: yauƙi, ko laushin da ya wuce kima, ko zaren mangwaro da ke maƙalewa a haƙori. Ƙin nan yana da illa, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, ban da dankali da rogo da doya. Daga cikinsu jiki ke samun bitamin A da C da kuma harza mai hana taurin ciki.

Daga ina laushi da yauƙi suke?

Jikin kowane tsiro ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyin halitta masu cike da ruwa, waɗanda wani sinadari mai suna fektin ya manne su. Idan aka ciji ɗanyen karas, ƙwayoyin nan ne ke fashewa, shi ya sa ake jin garas-garas. Zafin wuta da nuna suna narkar da fektin, sai ƙwayoyin su saki juna, abin ya yi laushi. Yauƙin kuɓewa da lalo da karkashi kuwa wani danƙo ne da tsiron ke da shi, wanda ke fitowa idan aka yayyanka shi ya haɗu da ruwa. Ashe ke nan yanayin nan abu ne da ake iya sarrafawa a madafa.

Hanyoyin sarrafawa

1. Mai ƙin yauƙi: tsami yana kashe yauƙi. Sai a dafa kuɓewa da tumatir ko a matsa mata lemon tsami, ko a soya ta ba tare da an yanka ta ƙanana ba. A rage kanwa, domin tana ƙara yauƙi, tana kuma lalata bitamin C.

2. Mai ƙin laushi: a taƙaita dahuwa, a sauke alayyafo yana da sauran kore. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli yana ba haƙori abin taunawa, man gyaɗar da ke ciki kuma yana taimaka wa jiki shan bitamin A.

3. Mai ƙin gutsattsarin abu a miya: a niƙa tumatir da albasa da karas su yi lilis, ko a dama kabewa kamar yadda ake yi a miyar taushe. Dambu da fate ma suna ɓoye ganye.

4. 'Ya'yan itatuwa: a zaɓi mangwaro mai aure, wanda ba shi da zare sosai, a ci gwanda da ayaba kafin su yi luguf. Idan za a markaɗa, kada a tace, domin harzar tana tafiya da tuƙar.

Sabo

Binciken masana ya nuna cewa yaro kan buƙaci ɗanɗana sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi. Don haka loma ɗaya a kai a kai ta fi tilastawa, wadda ba ta haifar da komai sai ƙarin ƙyama. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin aji

A raba kuɓewa gida biyu, a dafa ɗaya da ɗan kanwa, ɗaya da lemon tsami. Ɗalibai su ɗaga cokali daga kowace tukunya, su kwatanta tsawon zaren yauƙin, su bayyana dalilin bambancin.