Ɗan leƙen asiri a wasan EVE Online: abin yi da abin bari

Kai mai haƙar ma'adinai a yankin nullsec, rundunar da za ta tarwatsa jirginka ba ta zuwa da ka. Sai ta aiko ƙaramin jirgi ya gano inda kake, ya ga abin da ka hau. Shi za ka koyi ganewa.

Ka ware tagar Local, ka ja ta ta yi tsawo, ka ajiye ta inda idonka ba ya barin ta. Duk wanda ya shigo yankin tauraron da kake sai sunansa ya fito a can, ko da yana ɗauke da layar zana. Da ka ga baƙon suna, ka juya hancin jirginka zuwa tasha ka tafi. Kada ka tsaya binciken tarihinsa a zKillboard. Wannan aikin wanda ya riga ya shige tasha ne.

Ka riƙa danna D-scan, na'urar hango jiragen da ke kewaye da kai, ba hutu, a cikakken zangonsa na AU 14.3 da kusurwa 360. Amma kada ka kuskura ka ɗauki allo wayam a matsayin zaman lafiya, domin nan mutane suka fi halaka. Buzzard, Helios, Cheetah, Anathema da Astero suna iya keta sarari a ɓoye, na'urar ba ta kama su. Rook, Curse, Lachesis da Huginn kuwa ba sa fitowa a kanta ko da ba su ɓuya ba. Saboda haka suna a Local, babu jirgi a allo, ka ɗauka ana kallon ka.

Idan ƙananan na'urorin farautar jirage suka bayyana a D-scan, kai ake lalube. Kada ka jira ganin su ma, don in kana wurin da ke cikin jerin da kowa ke gani, ɗan leƙen asirin ba ya bukatar su.

Kada ka ce ai shi kaɗai ne. Jirgi ɗaya ya kunna cyno na sirri, wato alamar da 'yan'uwansa ke dirowa a kanta, kusa da kai, manyan jiragen Black Ops sun diro kafin ka ƙifta ido.

A cikin ramukan wormhole, waɗanda aka shigo da su wasan a 2009, Local ba ya nuna mutum sai ya yi magana. Ka kame bakinka, ka sa abokin tafiya ya tsare bakin ramin yana sauraren ƙarar shigowa.

Kada ka bi ɓoyayyen jirgi kai kaɗai. Ba za ka karya layarsa ba sai ka matso shi da mita 2,000, sararin kuwa ba iyaka. In ya tare muku a yanki, ƙungiya ta kafa Mobile Observatory, na'urar da kan karya layar ɓoyayyun jirage.

Ka kai rahoto zauren tsaro na ƙungiyarku nan take: sunan matuƙi, inda yake, irin jirginsa. Kada ka haɗa da inda kai kake ko abin da ka ɗauko, domin a manyan ƙungiyoyi ba a rasa kunnen abokan gaba a zauren.