Kafin Ka Cike Fom ɗin Aikin Damara

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar sababbin sojoji ko 'yan sanda, shagunan kwamfuta na Samaru cika suke yi da samari, kowa riƙe da takardunsa cikin leda. Ba abin mamaki ba ne. Barikin horas da kuratan soja yana nan Zariya tun 1924, ga barikin Basawa a gefe, yaro ya tashi yana ganin kaki. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu gudu da tsalle kawai suke shirya wa, alhali ana zubar da mutane wajen tantance hali ma.

Mu fara da giya, don ita ce mai gajeren bayani. Ba a ajiye sunayen masu shiga mashayun Sabon Gari ba. Abin da maye ya jawo shi ke bin mutum: faɗa, tuƙin ganganci, kwana a ofishin 'yan sanda. In har kotu ta taɓa yanke maka hukunci a kan laifi, sharuɗɗan shiga soja da ɗan sanda sun fitar da kai tun daga kan takarda.

Ƙwaya kuwa jiki ne ke ba da shaida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Tun da Buba Marwa ya karɓi ragamar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 2021 yake matsa lamba a riƙa gwada masu neman aiki. Kodin da tiramol kan bar fitsari cikin 'yan kwanaki, amma wiwi a jikin wanda ya daɗe yana busawa tana iya kai wata guda. Masu cewa a yi ta ɗirkar ruwa ko tsamiya ana gobe gwaji yaudarar ka suke yi. Fitsarin da ya tsinke ma kansa abin tuhuma ne. Kuma ko ka tsallake, me za ka yi da jikin da ya saba, a watannin horo da babu mai miƙo maka komai? Ka daina da gaske, tun da sauran lokaci. In abin ya fi ƙarfinka, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin Barnawa a Kaduna. Wanda likita ya rubuta wa maganin ciwo mai ƙarfi ya tafi da takardar likitan.

Ƙanena, ƙarya ce ta fi ba ni tsoro, domin mun mai da ita ba komai ba. Mai shekara 25 ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shekararsa 21, ya manta ranar haihuwarsa ta gaskiya tana kan lambarsa ta NIN da takardar firamare. Wani ya karɓi shaidar zama ɗan ƙaramar hukumar da ko hanyarta bai sani ba. Wani ya ari sakamakon NECO na yayansa. Mai tantancewa yana iya yi wa kuskuren ƙuruciya uzuri in an faɗa masa, amma wanda ya yi ƙarya a fom ya nuna ba za a ba shi amanar bindiga ko sirrin ofis ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A dokar soja, ba da bayanin ƙarya lokacin shiga aiki laifi ne mai zaman kansa, kuma ana iya tono shi bayan shekaru, mutum na da mata da 'ya'ya, a tuɓe masa kaki. Ga kuma dattijon da ya sa hannu ya tsaya maka, ka jefa shi cikin kunya.

Saboda haka tun yanzu ka baje takardunka a tabarma, ka duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Inda suka saɓa, ka gyara ta hanyar hukumar da ta bayar, ko da zai ci maka wannan zagayen. Ka je wurin mai unguwarku da kanka ka gaishe shi, domin a manyan ayyuka jami'an tsaro na farin kaya kan bi sawu har unguwa da makaranta. In an tambaye ka ko an taɓa kama ka, faɗi abin da ya faru, da yadda aka ƙare. Fom ɗin soja kuwa kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya share maka sakamakon gwaji, kada ka ba shi ko sisi.