Albashi da Rufin Asiri

1. Mene ne albashi?

Albashi shi ne kuɗin da ake biyan ma'aikaci saboda aikinsa. Malamin lakwal, da ma'aikacin likita, da malamin gona, da direba, da mai gadi, duk a ƙarshen wata suke karɓar albashinsu.

A gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jahar Maraɗi, masu albashi kaɗan ne. Yawancin mutane manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa. Manomi sau ɗaya yake samun nasa a shekara, wato da kaka, sai ya zuba a rumbu. Amma da ma'aikaci da manomi, damuwarsu ɗaya ce: abin da ya shigo hannu, zai riƙe gida har wani ya zo?

2. Abin da doka ta yanke

Gwamnatin Nijar ta yanke albashi mafi ƙanƙanta wanda doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi. Da Faransanci ana ce masa SMIG. A shekarar 2012 an tsai da shi a Sefa 30.047 a wata. Daga ranar 1 ga Janairu 2024 ya koma Sefa 42.000. A bakin ƴan kasuwa jika arba'in da biyu ke nan, domin jika guda Sefa 1.000 ce, dala kuwa Sefa 5.

Ƙungiyoyin ƙwadago, irin su USTN da CDTN, su ne ke zama da gwamnati da masu kamfanoni a kan maganar albashi. Ranar 1 ga Mayu, sallar ma'aikata, sukan miƙa wa hukuma takardar koke-kokensu. Duk da haka akwai ƴan aikin gida da yaran shago da yawa waɗanda ko wannan ɗan albashin ba su samu, domin ba wata takarda tsakaninsu da iyayen gidansu.

3. A auna albashi da tiya

Jin yawan kuɗi kawai ba ya nuna ko albashi ya isa. Sai an kai shi kasuwa an ga abin da zai sayo. A kasuwannin Tasawa da Mayahi da tiya ake awon hatsi. Tiya guda wajen kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuwa yana cin wajen tiya 40.

Ga misali. A ce wani ma'aikaci yana karɓar jika 42. Gidansa mutum bakwai ne: shi da matarsa, da ƴaƴa huɗu, da tsohuwarsa. Kullum suna cin tiya biyu, fura da rana, tuwo da dare. A wata suna bukatar tiya 60, wato buhu ɗaya da rabi.

Da kaka hatsi yana araha. A ce tiya tana dala ɗari, wato Sefa 500. Hatsin wata zai ci jika 30, saura jika 12. Cikin waɗannan ne za a fid da kuɗin cefane, da itace, da ruwa, da sabulu, da magani.

Da damana rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. A ce tiya ta kai dala ɗari da sittin, wato Sefa 800. Yanzu hatsin wata zai ci jika 48. Albashin duka ya ƙare, hatsin ma bai cika ba. Kuɗin ma'aikacin ba su ragu ko da dala guda ba, amma ƙarfinsu ya ragu. Wannan shi ake kira tsadar rayuwa.

4. Shekarun da aka ji jiki

Mutanen Nijar sun sha ganin haka. A watan Janairu 1994 aka karya darajar Sefa. Kafin ranar, faran guda na Faransa Sefa 50 ne, sai ya koma Sefa 100. Kayan da ake shigowa da su daga waje, kamar magani da shinkafa da kayan gyaran mota, suka yi tsada, ƙarin albashin da aka yi kuwa bai kamo su ba. A cikin waɗannan shekaru ma'aikatan gwamnati sun sha yin watanni ba a biya su ba.

A damanar 2004 ruwa ya yi ƙaranci, fara kuma ta yi ɓarna. A 2005 hatsi ya yi tsada ƙwarai, jahar Maraɗi tana cikin inda yunwa ta fi taɓa ƙananan yara. Akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ba shi da kuɗin saye. A wannan shekara kuma aka ɗora haraji a kan kayan masarufi, irin su madara da sukari da garin alkama. Jama'a suka rufe kasuwanni da shaguna a Yamai da Maraɗi da Damagaram, har gwamnati ta janye harajin daga kan wasu kayan.

5. Ma'aikata biyu

Wurin zama ma yana da nasa lissafi. A ce ga ma'aikata biyu. Na farko yana birnin Maraɗi, albashinsa jika 100. Gidan haya yake, yana biyan wuta da ruwan famfo, yana zuba wa babur mai. Ko ganyen miya sai ya saya. Na biyu yana wani ƙauye a kwarin Gulbin Kaba, kusa da Mayahi, albashinsa jika 70. Gidan gado yake zaune, yana da gona da rumbu da ƴan awaki. Matarsa tana saƙar tabarmar kaba tana kai wa kasuwa. Ranar 20 ga wata, wane ne cikinsu zai je shago neman bashi? Mai yiwuwa ne mai jika 100 ya riga mai jika 70.

Akwai kuma nauyin dangi. Mai albashi ba shi kaɗai ke cin albashinsa ba. Ƙane zai zo neman kuɗin littafi, gwaggo ba ta da lafiya, ga suna, ga biki, ga ragon layya. Albashi guda yakan ɗauki gida biyu ko uku.

6. Wane albashi ne ya isa?

Hausawa suna da kalmar da ta dace da wannan: rufin asiri. Mai rufin asiri ba attajiri ba ne. Shi ne wanda gidansa ke ɗora tukunya kullum, rani da damana. Iyalinsa suna da sutura da wurin kwana. Ƴaƴansa suna zuwa makaranta da littafi da alƙalami. In yaro ya kwanta zazzaɓi, a kai shi likita ba tare da an sai da gona ba. In wata ya ƙare, a sami ɗan abin ajiyewa, ko yaya yake.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda mazauninta ke birnin Janeba, ta tsai da magana irin wannan a 2024. A ganinta, albashin da ya isa shi ne wanda zai riƙe ma'aikaci da iyalinsa cikin mutunci, bisa halin ƙasarsu, kuma ya same shi cikin lokutan aiki na ƙa'ida, ba sai ya haɗa dare da rana ba.

7. Tattali

Mai dabara yakan sayi hatsin shekara da kaka, tun yana araha. Manomi mai lura ba ya rarake rumbunsa da kaka, don kada ya sayi hatsin nan da tsada da damana. A ƙauyuka da yawa akwai bankin hatsi. Ma'aikatar OPVN kuma takan sai da hatsi da rangwame lokacin da abinci ya yi wuya. Mata suna yin adashi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka soma a jahar Maraɗi a 1991, suna tara kuɗi kowane mako, suna ranta wa junansu.

Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda albashinsa bai kai kuɗin hatsi ba, me zai ajiye? Tattali aikin mai gida ne da uwargida. Biyan albashin da ya isa, kuma a kan lokaci, haƙƙi ne a wuyan mai ba da aiki.

Ma'anar kalmomi

Cefane: sayen kayan miya na yau da kullum.
Masarufi: kayan da gida ba ya iya zama ba su.
Rangwame: ragi a kan farashi.
Tattali: kula da abin hannu don kada ya salwanta.

Tambayoyi

1. Nawa ne albashi mafi ƙanƙanta a 2012? Nawa ya koma a 2024?
2. Don me hatsi ke araha da kaka, ya yi tsada da damana?
3. Me ya sami Sefa a 1994?
4. Ku faɗi abubuwa huɗu da ake gane mai rufin asiri da su.

Lissafi

1. Tiya nawa jika 42 za su saya in tiya tana Sefa 500? In tana Sefa 700 fa?
2. Dala nawa ke cikin jika uku?

Bincike

Ranar kasuwar garinku ku tambayo farashin tiyar hatsi, da ta wake, da kwalbar man gyaɗa. Ku rubuta a littafinku tare da kwanan wata. Bayan wata uku ku sake tambaya, ku gwada su a aji.