Lissafin Kasuwa: Darasi Domin Mai Saye da Mai Sayarwa

Ranar 1 ga watan Janairu, 1973, Nijeriya ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo. Kafin wannan rana kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam, watau kwabo 240 ke cikin fam guda. Duk da wannan sarƙaƙiya, tsohuwa mai sayar da daddawa takan haɗa taro da sisi ta ce nai, ba ta kuskure. Sabon kuɗi ya zo da sauƙi: kwabo ɗari naira ɗaya, naira biyu kuma daidai da fam. Har yanzu tsohon ƙirgen bai mutu ba a bakin 'yan kasuwa, domin in an ce jaka, fam ɗari ake nufi, watau naira 200. Baƙon da aka ce masa jaka goma, in bai san wannan ba, ba zai gane naira 2,000 ake nema ba.

Abin mamaki shi ne, kuɗi ya yi sauƙin ƙirgawa, amma lissafin kai ya ja baya. Yau sai a ga yaron kanti ya ɗauko waya domin ya debe 1,450 daga 2,000, mai saye kuma ya karɓi abin da aka miƙo masa ya zuba aljihu. Na'ura ba ta ƙarya, amma yatsa yana kuskure, wanda kuwa bai riga ya kintaci amsa a ransa ba, ba zai lura an danna sifiri fiye da kima ba.

A fara da canji. Mutum ya sayi sukari na naira 850, sabulu na 450, ashana ta 150. Jimla 1,450. Ya ba da takardun dubu guda biyu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ƙirga sama, ba debewa ba: daga 1,450 a ƙara 50 ya zama 1,500, a ƙara 500 ya cika 2,000. Canji naira 550. Ya kamata mai sayarwa ya ƙirga haka da baki yana sa kuɗin a hannun mai saye, kada kuma ya jefa takardar da aka ba shi cikin akwati sai an gama. Rigimar "dubu na ba ka", "a'a, ɗari biyar ce" daga nan take tasowa.

Sai kuma farashin tari. Jama'a sun ɗauka duk abin da aka haɗa ya fi araha. Ba kullum ba. In lemo ɗaya naira 300 ne, aka ce uku dubu, wanda ya ɗauki ukun ya yi asarar naira 100. Haka nan ƙullin gram 500 a kan naira 900, da na kilo guda a kan 1,900: ƙananan biyu kilo ne cif, kuɗinsu 1,800. Tambayar da za a yi ita ce, nawa ɗaya ya kama?

Inda rashin lissafi ya fi yin ɓarna shi ne wajen ƙaramin ɗan kasuwa, domin shi jarinsa ne ke zurarewa bai sani ba. Alal misali, mai awo ya sayo buhun hatsi naira 60,000. Ya ɗauka mudu 40 ne a ciki, saboda haka ya ce kowane mudu ya kama masa 1,500, ya sa farashi 1,700, yana jiran ribar 8,000. Amma ya manta ya biya mota naira 2,000, ɗan dako da leda 1,000. Buhu ya tashi 63,000 ke nan. Bayan an sheƙe an fid da tsakuwa, an kuma yi wa masu saye gyara, mudu 36 ya auna. In aka raba 63,000 gida 36, kowane mudu ya kama 1,750. Abin da ya shigo hannunsa, 36 sau 1,700, naira 61,200 ne. Ya faɗi da 1,800, alhali yana ganin kuɗi cike da aljihu. In ya yi haka sau goma, sai ya soma zargin yaronsa da sata, ko ya ce an yi masa baki. Littafi na naira kaɗan, da shafi biyu, ɗaya na abin da ya fita ɗaya na abin da ya shigo, shi ne maganin wannan.

Lissafin kashi cikin ɗari yana ba mutane tsoro, alhali mabuɗinsa ɗaya ne: kashi goma cikin ɗari shi ne a raba kuɗin gida goma. Na 8,000 shi ne 800, ragin kashi goma ya mai da kaya 7,200. Harajin kayan masarufi, wanda ake kira VAT, an ɗaga shi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairu, 2020. A kan kayan naira 4,000, kashi goma 400 ne, rabinsa 200, rabin wannan kuma 100. A haɗa 200 da 100, haraji naira 300. Wani tarko kuma: kaya na 10,000 da aka ƙara wa kashi 20 ya zama 12,000, in aka rage kashi 20 daga nan, 9,600 zai koma, ba 10,000 ba, domin ragin daga babban kuɗi aka cire shi.

Game da awo, Dokar Awo da Ma'auni ta 1974 ta tsai da mita da lita da kilo. Yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da 'yan kai, saboda haka atamfa mai yadi shida mita biyar da rabi ce, saura kaɗan. Galan na da lita huɗu da rabi ne. Kilo ɗaya laba biyu ne da ɗoriya. Mudu da tiya kuwa girmansu ya bambanta daga gari zuwa gari, don haka mai saye ya dubi kwanon, ya dubi gindinsa ko an buga shi ciki. Sikeli kuma allurarsa ta tsaya kan sifiri kafin a ɗora nama. Wanda ya ga an taɓa sikeli ko famfon mai yana iya kai ƙara ga jami'an Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya.

Ga aikin gwaji, a yi shi da ka kafin a taɓa waya. Mace ta sayo kiret ɗin ƙwai 30 a kan naira 5,400, ta biya mota 300, biyu suka fashe a hanya. Tana sayar da kowane ɗaya naira 200. Wanda ya sami amsa ya gaya mata ko ta ci riba, in kuwa ta faɗi, da nawa.